Kujera Zuwa Duniyar Wata: Starship, Blue Moon, Musaya da Gwamnati, ko Aika Kaya Kawai?

Tun da Eugene Cernan ya hau tsanin kumbon Apollo 17 a watan Disamba na 1972, ƙafar ɗan Adam ba ta sake taɓa ƙasar duniyar wata ba. Mutum 12 ne kacal suka taɓa takawa a can, kuma dukkansu gwamnatin Amurka ce ta tura su da kuɗin baitulmali. Yanzu kamfanoni masu zaman kansu ne ke ƙera kumbunan da za su sake sauke mutum, suna kuma cewa da zarar hanya ta buɗe za su ɗauki fasinja mai biyan kuɗi. Wannan ya jefa masu riƙe da kasafin kuɗi cikin tsaka-mai-wuya: ƙaramar hukumar binciken sararin samaniya da ke son ganin ɗan ƙasarta a wata, jami'ar da ke da na'urar bincike, kamfanin da ke hango riba, da attajirin da ya daɗe yana wannan mafarki. Wa za a bi, kuma yaushe ya kamata a fara sakin kuɗi?

Gara a san inda aka kwana tun daga farko. Zuwa ƙarshen 2025 babu kamfani ko ɗaya da ke da tikitin sauka a wata mai farashi a rubuce da tabbatacciyar ranar tashi. Abin da ke ƙasa shi ne kumbunan sauka biyu da ake kan ƙerawa, hanyar gwamnati guda ɗaya, sai wasu hanyoyi uku da ba sa kai mutum doron wata amma suna iya biyan buƙatar da ta sa aka so zuwa.

## Ma'aunan da za a auna su

Me ya riga ya tashi? Wannan ya fi komai nauyi a wurina. Hoton kwamfuta da bikin ƙaddamarwa ba su da tsada. Injin da ya kunna a sararin samaniya shi ne shaida.

Tafiyar duka ce ko wani zango? Zuwa wata zango biyar ne: tashi daga duniya, keta kusan kilomita 384,000 cikin kimanin kwana uku, sauka, tasowa daga can, sannan kutsowa cikin iskar duniya da gudun kusan kilomita 11 a sakan ɗaya. Yawancin abin da ake tallatawa zango biyu ne cikin biyar ɗin.

Farashi. Nawa ne, kuma an taɓa biyan wannan adadi aka yi tafiyar, ko hasashe ne?

Sauƙi. Roka nawa sai ta tashi kafin mutum ɗaya ya sauka, horo nawa ake buƙata, izinin wace gwamnati ake nema. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ɗora wa kowace ƙasa alhakin abin da kamfanoninta suka yi a sama, don haka kamfanin Amurka ba ya tashi sai da lasisin Amurka.

Haɗari. Na rai da na dukiya, kuma ba kullum suke tafiya tare ba.

Ɗorewa. A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin an taɓa yin wannan ciniki a baya. A watan Disamba na 2012 kamfanin Golden Spike ya fito a birnin Washintan yana cewa zai sauke mutum biyu a wata a kan kimanin dala biliyan 1.5, wato dala miliyan 750 kowace kujera, nan da 2020. Ba 'yan dagaji ne suka kafa shi ba: akwai Alan Stern, tsohon shugaban sashen kimiyya na hukumar NASA, da Gerry Griffin, wanda ya jagoranci tafiye-tafiyen Apollo daga ɗakin sarrafawa. Tsarinsu ma mai ma'ana ne, a sayi rokokin da ke kasuwa, a ƙera kumbon sauka da riguna kawai, a sayar wa ƙasashe kujera. Sai dai ƙasar da za ta fara biya ba ta fito ba. Da suka nemi gudummawar dala 240,000 daga jama'a ta intanet, ko dala 20,000 ba su haɗa ba, kuma cikin 'yan shekaru aka ji shiru. A wannan shekara ta 2012 kamfanin Excalibur Almaz shi ma ya yi tallan zuwa kusa da wata da tsoffin kumbunan Tarayyar Sobiyat, shi ma ya sha ruwa. Ilimi bai gaza musu ba, aljihu ne ya gaza. Saboda haka tambayar ɗorewa ita ce: wa ke ciyar da kamfanin a shekarun da ba ya samun ko kwabo daga wata?

## SpaceX da kumbon Starship

A watan Afrilu na 2021 NASA ta ba SpaceX kwangilar dala biliyan 2.89 don ya mayar da Starship kumbon sauka, ta ƙara masa dala biliyan 1.15 a Nuwamba 2022 don sauka ta biyu. Kwangilar ta ce sai ya fara sauke kumbon babu kowa a ciki kafin a saka mutum.

Ta fuskar abin da ya tashi, shi ne kan gaba nesa ba kusa ba. Kumbonsa na Dragon yana kai mutane tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tun watan Mayu na 2020, kuma rokokinsa na Falcon sun tashi fiye da sau 130 a 2024 kaɗai. Ita kanta Starship, mai tsayin fiye da mita 120 da injina 33 a gindinta, ta tashi sau 11 tsakanin Afrilu 2023 da Oktoba 2025. A ranar 13 ga Oktoba 2024 hasumiyar tashi ta cafke ɓangaren ƙasa na rokar a cikin iska yana dawowa, abin da ba a taɓa gani ba. Amma farkon 2025 ya zo da tuntuɓe a jere: an rasa kumbon sama a Janairu, Maris da Mayu, wani kuma ya tarwatse a wurin gwaji a watan Yuni, kafin tashin Agusta da na Oktoba su tafi daidai.

Babban ƙulli yana wurin mai. Starship tana ƙone kusan duk man da ta ɗauka kafin ta kai falakin duniya, wato hanyar da kumbo ke bi yana kewaya duniya. Don ta wuce zuwa wata, dole a fara harba rumbun mai, a bi shi da tankoki ɗaya bayan ɗaya suna juye masa ruwan iskar mitan mai sanyin digiri 162 ƙasa da sifili da ruwan oksijin mai sanyin digiri 183 ƙasa da sifili, sannan kumbon sauka ya zo ya sha. Tanka nawa? Jami'an kamfanin sun ce goma ko kusa da haka, wata jami'ar NASA kuma ta ce za su haura 15. Duk jinkirin da aka samu tsakanin tashi da tashi, rana tana ɗumama rumbun, man yana tsiyayewa ya zama iska. A Maris 2024 an gwada juye mai daga tanki zuwa tanki a cikin kumbo ɗaya, amma zuwa ƙarshen 2025 ba a juye daga kumbo zuwa kumbo ba. Duk sauran alkawuran a kan wannan gwaji suke rataye.

Sai siffar kumbon. Tsayinsa kusan mita 50 ne, faɗinsa mita 9, ɗakin mutane yana can sama kusa da ƙoli, kuma da lifta ake saukowa. Kumbon Apollo mita 7 ne kawai, kuma Apollo 15 ya tsaya a karkace da kusan digiri 11 ba tare da ya faɗi ba. Dogon kumbo a ƙuryar kudancin wata, inda rana ke kwance a gefen sama, inuwa ke da tsawo, ramuka ke ɓuya, yana buƙatar fili shimfiɗaɗɗe. Ladan wannan girma shi ne ɗaki mai yalwa da kaya da kamfanin ke cewa za su kai tan 100. Idan abin ya yiwu, babu mai kama ƙafarsa a arha. A ƙarshen 2025 kamfanin ya sanya farashin kai kaya doron wata a kan dala miliyan 100 kowane tan daga 2028, amma bai sanya na kujerar mutum ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: wannan nau'in na Starship ba shi da garkuwar zafi, ba ya dawowa duniya. A tsarin kwangilar, 'yan sama jannati za su tashi ne a kumbon Orion na gwamnati, su sauya kumbo a falakin wata, su sauka, su taso, su koma Orion. Zango biyu ke nan cikin biyar.

Ɗorewa kuwa babu fargaba sosai, domin kuɗin intanet na Starlink da na harba taurarin ɗan Adam suna shigowa ko an je wata ko ba a je ba. Rauninsa shi ne ranakun da yake sanyawa, waɗanda ba kasafai suke cika ba.

## Blue Origin da kumbon Blue Moon

Kamfanin Jeff Bezos ya rasa kwangilar 2021, ya kai ƙara, ya sha kaye a kotu a watan Nuwamba na wannan shekara. A Mayu 2023 NASA ta ba shi tasa kwangilar ta dala biliyan 3.4, kamfanin kuma ya ce kuɗin da zai zuba daga aljihunsa sun fi haka. Yana aiki tare da Lockheed Martin, Boeing, Draper da Astrobotic.

Tsarinsa mataki biyu ne, kuma wannan shi ne abin da ya fi burge ni. Na farko, Mark 1, kumbon kaya ne mai ɗaukar tan 3, roka ɗaya ce ke kai shi wata ba tare da an ƙara masa mai a hanya ba. Da shi za a gwada injin BE-7 da na'urorin sauka a ainihin ƙasar wata kafin a sa ran mutum a ciki. A Satumba 2025 NASA ta zaɓe shi don ya kai motar bincikenta mai suna VIPER ƙuryar kudu. Na biyu, Mark 2, shi ne na mutane: tsayinsa mita 16, zai ɗauki mutum huɗu har kwana 30. Ɗakin mutane yana ƙasa, tankokin mai suna sama, don haka ɗan sama jannati da ya gaji, ko wanda ke jan abokinsa da ya ji rauni, gajeren tsani kawai zai hau. A wurin da babu asibiti kuma iskar riga ƙidayayya ce, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Nasa ƙullin shi ne haidurojin. Ya fi iskar mitan ba da turi a kowane kilo na mai, kuma idan wata rana aka iya haƙo ƙanƙarar da ke cikin ramukan ƙuryar kudu, daga ita za a iya samar da shi tare da oksijin. Amma sai an riƙe shi a digiri 253 ƙasa da sifili, kuma yana sulalewa ta kafar da ido ba ya gani. Mark 2 ma yana buƙatar wani kumbo ya kai masa mai falakin wata, kuma yana buƙatar na'urar sanyaya da za ta hana man tsiyayewa tsawon watanni. Ba a taɓa yin haka da wannan girma ba. Wanda ya ce Blue Moon ta kuɓuta daga matsalar juye mai a sama bai duba tsarin da kyau ba. Ta dai rage yawan tashin.

Tarihin tashi gajere ne. An kafa kamfanin a 2000, amma sai a Janairu 2025 rokarsa ta New Glenn ta kai falaki, a tashi na biyu kuma, cikin Nuwamba, ɓangaren ƙasa ya sauka lafiya a kan jirgin ruwa. Mutanen da ya ɗauka tun Yuli 2021 a rokar New Shepard, tafiyar kimanin minti goma ce, a haura kilomita 100 a dawo. Bai taɓa riƙe mutum a falaki ko na kwana ɗaya ba. Kuɗi kuwa akwai: tun 2017 Bezos ya ce yana sayar da hannun jarin Amazon na kusan dala biliyan 1 a shekara don ciyar da kamfanin. Ƙarfi ne, amma ƙarfi ne da ya dogara da niyyar mutum ɗaya. Shi ma Blue Moon zango biyu ne, bai sanya farashin kujera ba.

## Musaya da gwamnati

Ga hanyar da a zahiri aka riga aka raba kujeru ta cikinta, kuma ba da tsabar kuɗi aka saya ba. Ciniki ne na ba ni gishiri in ba ka manda. Kanada ta yi alkawarin ƙera hannun mutum-mutumi na Canadarm3, ta samu kujerar zagaya wata, wadda aka ba ɗan sama jannatinta Jeremy Hansen. Hukumar sararin samaniyar Turai ta ɗauki nauyin ɓangaren da ke ba Orion wuta, iska da turi, da wasu sassan tashar Gateway da aka tsara ginawa a falakin wata, ta samu kujeru uku zuwa wannan tasha. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ɗauki nauyin ƙofar fita ta wannan tasha a Janairu 2024, ita ma a kan kujera. Japan ce ta fi kowa cin riba: a Afrilu 2024 ta amince za ta ƙera motar da mutane za su zauna a ciki babu rigar sama jannati, wadda hukumar JAXA ke aiki a kanta da Toyota, aka kuma ware mata damar sauke 'yan ƙasarta biyu a doron wata.

Wannan ce kaɗai hanyar da ta haɗa zango biyar, domin ta haɗa roka, Orion, kumbon sauka na ɗaya daga cikin kamfanonin biyu, da rigar da kamfanin Axiom Space ke ɗinkawa bisa kwangilar dala miliyan 228.5 ta 2022. Rai ya fi samun kariya a nan: Orion yana da na'urar fizge mutane idan roka ta samu matsala, kuma lokacin da garkuwar zafinsa ta zaizaye fiye da zato a gwajin 2022, an tsaya an bincika duk da jinkirin da hakan ya jawo. Tsada kuwa ba a magana. Babban mai binciken kuɗin NASA ya ƙiyasta kowane tashi na rokar gwamnati ta SLS da Orion a kan dala biliyan 4.1, ga mutum huɗu, ban da kuɗin kumbon sauka.

Haɗarin a nan na siyasa ne. A 2010 an soke shirin Constellation na komawa wata bayan an kashe biliyoyi. A Mayu 2025 fadar shugaban Amurka ta nemi a soke Gateway, majalisa ta maido da kuɗin bayan wata biyu. A Oktoba kuma muƙaddashin shugaban NASA ya ce zai sake buɗe takarar sauka ta farko saboda jinkirin Starship. Ƙasar da ta shafe shekara goma tana ƙera wani ɓangare tana iya wayar gari ta ga an sauya ginin da ɓangaren zai shiga.

## Zagaya wata ba tare da sauka ba

An fi sayar da wannan, kuma an fi jin jiki a kansa. Space Adventures, kamfanin da ya kai attajiri Dennis Tito tashar sararin samaniya a 2001, ya fara tallan zagaya wata da kumbon Soyuz na Rasha a 2005 a kan dala miliyan 100, daga baya 150. Tafiyar ba ta yiwu ba, kuma wani da ya ajiye dala miliyan 7 kafin alƙalami sai da ya je kotu, aka sasanta a 2019. A Satumba 2018 attajirin Japan Yusaku Maezawa ya sayi tafiya sukutum a Starship, da niyyar tashi a 2023. Ya zaɓi abokan tafiya takwas daga masu fasaha a 2022, sannan ya soke komai a Yuni 2024 domin babu ranar da za a iya ba shi. Tito da matarsa Akiko sun kama kujeru biyu a 2022, suna jira.

Ga mai sha'awa, a lura cewa wannan tafiya ta bambanta da ta kwangilar NASA: a cikin Starship za a tashi, a cikinta za a dawo, kuma ba ta da na'urar fizge mutane lokacin tashi. A dokar Amurka, fasinja yana sanya hannu ne cewa an sanar da shi gwamnati ba ta tabbatar da lafiyar kumbon ba, kuma majalisa ta taƙaita ikon kafa ƙa'idojin kare fasinja har zuwa farkon 2028.

## Kujerar falakin duniya

Ba wata ba ce, kilomita 400 ce kawai sama da mu, kusan kashi ɗaya cikin dubu na hanyar. Amma ita ce ake biya a tafi. Axiom Space ya kai tawaga huɗu tashar ƙasa da ƙasa a kumbon Dragon tsakanin Afrilu 2022 da Yuni 2025, a farashin da aka ruwaito ya fara daga kimanin dala miliyan 55 kowace kujera. Saudiyya ta tura Rayyanah Barnawi da Ali AlQarni a 2023, Turkiyya ta tura Alper Gezeravcı a 2024, Indiya, Folan da Hangari suka bi a 2025. Horon watanni ne, zaman kusan mako biyu, tsohon ɗan sama jannatin NASA ne ke jagoranta. Lokaci dai yana ƙurewa, domin an tsara yi wa tashar ritaya wajen 2030.

## Aika kaya, mutum ya zauna gida

Idan abin da ake nema bayanai ne, na'ura tana iya zuwa yanzu. Astrobotic ya daɗe da sanya farashin dala miliyan 1.2 kowane kilo. Sai dai a duba sakamakon da idon basira. Daga 2019 zuwa tsakiyar 2025 an yi yunƙuri bakwai masu zaman kansu, ɗaya ne ya sauka a tsaye ya gama aikinsa: Blue Ghost na kamfanin Firefly, a ranar 2 ga Maris 2025, ɗauke da na'urorin NASA goma, ya yi aiki tsawon yinin wata guda, wato kusan mako biyu.

Sauran sun nuna yadda ƙaramin kuskure ke cinye shekaru. A Afrilu 2023 kumbon kamfanin ispace na Japan ya ratsa ta saman gaɓar wani rami mai zurfi, ma'aunin tsayi ya nuna sauyi kwatsam, kwamfutar ta ɗauka ma'aunin ya lalace ta yi watsi da shi. Ta zaci ta iso ƙasa alhali saura kusan kilomita 5, ta ci gaba da ƙona mai har ya ƙare, kumbon ya faɗo tare da motar Rashid mai kilo 10 ta Daular Larabawa. A Fabrairu 2024 Odysseus na Intuitive Machines ya isa wata da ma'aunin nisa wanda ba a buɗe makullin kariyarsa ba tun a ƙasa, ya karya ƙafa ya kishingiɗa. Kumbon kamfanin na biyu ma ya kwanta a gefe a Maris 2025. Peregrine na Astrobotic bai ma isa ba, mai ya zube masa a hanya. Duk mai tunanin saka mutum a kumbon kamfani ya riƙe waɗannan a ransa: sauka a wata ba ta zama aikin yau da kullum ba tukuna.

## A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Farashi | Abin da ya tashi zuwa ƙarshen 2025 | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Starship | Ba a sanya na mutum ba | Gwaji 11, ba a je wata ba | Ƙarfi sosai | Juye mai a sama, tsayin kumbo |
| Blue Moon | Ba a sanya ba | New Glenn sau 2, kumbon bai tashi ba | Ƙarfi, daga aljihu ɗaya | Riƙe haidurojin, ƙarancin gogewa |
| Musaya da gwamnati | Kayan aiki na shekaru | Orion ya zagaya wata babu mutum a 2022 | Ya danganta da majalisa | Sauyin siyasa |
| Zagaya wata | An yi tallan dala miliyan 100 zuwa 150 | Babu | Rauni | Kuɗi su maƙale |
| Falakin duniya | Daga kimanin dala miliyan 55 | Tafiya 4 ta Axiom | Har zuwa ritayar tashar | Matsakaici |
| Aika kaya | Kusan dala miliyan 1.2 a kilo | 1 cikin 7 ya yi cikakkiyar nasara | Ƙananan kamfanoni | Asarar kayan |

## Wa ya dace da wace hanya

Ƙasa mai masana'antu da ke son ɗanta a doron wata. Musaya ce hanya. A zaɓi abin da za a ƙera wanda zai yi amfani ko da an sauya tsari, kamar mota, na'urar samar da wuta ko ta sadarwa, maimakon ɓangaren da ba ya shiga ko'ina sai gini ɗaya. Zaɓin Japan ya fi na masu Gateway tsaro saboda wannan dalili.

Ƙasa mai ƙaramar hukuma. Kujerar falakin duniya, tare da ƙaramar na'ura a kumbon kaya. Da kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da Golden Spike ya nema ba, za ta samu ɗan sama jannati horarre, likitoci da injiniyoyin da suka san aikin, da sunan da za a ji idan an zo rabon kujerun gaba.

Jami'a ko cibiyar bincike. Kaya kawai. A ƙera na'urar biyu, a raba su a kumbunan kamfanoni biyu idan kuɗi sun isa, a nemi inshora, a kuma tsara ta yadda za ta iya aiko da wani abu ko da kumbon ya kwanta a gefe.

Kamfanin da ke tsara manyan kaya. Idan nauyin bai wuce tan 3 ba, Mark 1 ya fi kusa da hannu tunda roka ɗaya yake buƙata. Idan gini ne ko injin haƙa mai tan da yawa, Starship ce kaɗai ke alkawarin wannan girma da arha, amma kada a ɗora jadawalin aiki a kan 2028 kafin a ga kumbo ya shayar da kumbo mai a falaki.

Mai son ya san wanda zai fara sauke mutum. A ganina har yanzu SpaceX ne ke da rinjaye saboda yawan tashi da saurin gyara, amma tazarar ba ta kai yadda take a 2021 ba. Idan Mark 1 ya sauka a tsaye kafin Starship ta juye mai, lissafin ya sauya.

Attajirin da ke son zuwa da kansa. Shekaru da lafiya su ne ma'auni. Wanda ya haura 60 ya ɗauki falakin duniya yanzu, kamar yadda Maezawa ya yi kwana 12 a tashar a Disamba 2021, kuma wannan ce tafiyar da ta tabbata a gare shi. Mai ƙuruciya da haƙuri yana iya shiga layi, da sharaɗi uku a rubuce: kuɗin kafin alƙalami su zauna a hannun amintaccen banki ba a asusun kamfanin ba, a riƙa sakinsu kashi-kashi bayan kowane gwaji ya yi nasara, kuma a sanya ranar da idan ta wuce ba a tashi ba za a maido da su cif. Kaso mafi girma kada ya fita sai kumbon ya sauka a wata babu kowa a ciki, ya kuma taso, sannan 'yan sama jannatin gwamnati sun je sun dawo a cikinsa aƙalla sau biyu.